Irin da Ya Taso Saman Ruwa

A garinmu, can saman duwatsun Moc Chau, sanyi ba ya tafiya don an gama bikin sabuwar shekara. An ci, an sha, an ƙona turare, baƙi sun watse, shi kuwa yana nan daram kamar baƙon da bai san kunya ba. Da safe hazo yakan rufe hanya har ka ji muryar mutum kafin ka ga fuskarsa, raɓa ta daskare ta yi fari fat a kan ganyen kabeji. A irin wannan lokacin ne Lua, matar ɗan yayana, ta kwashe tarkacen ɗakin gabas, wanda yake da babbar taga ta gilashi, ta jera tire-tiren roba masu ƙananan ramuka, ta cika su da ƙasar da ta tankaɗe da rariya kamar mai shirin tuwo.

Ni ce Mui, ƙanwar Khiem, mai sayar da miyar taliya a bakin hanya. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka in aka yi tari a can ina ji.

Vuong, ɗansa ɗaya tilo, ya dawo gida da matarsa ne bayan rasuwar uwarsa. Dukansu biyu aikin kamfani suke yi a can ƙasa kusa da Hanoi, amma kafin aure Lua ta yi shekaru tana aiki a gonakin fure na Da Lat, ta san kansu ciki da waje. Ita ce ta lura cewa gidajen saukar baƙi sun cika garinmu, kuma kowane mai gida yana sayen fure daga nesa don 'yan birni su tsaya a gabansa su ɗauki hoto. Ta ce me zai hana a noma a nan? Suka tattara abin da suka tara, ta yi odar iri mai kyau. Sai a shuka shi cikin ɗaki tun sanyi bai tafi ba, in gari ya yi ɗumi a fitar a dasa. Yarjejeniyarta da mijinta a fili take: idan irin ya fito, sun zauna a gida ke nan. Idan bai fito ba, kamfani ya ce zai riƙe musu gurbinsu zuwa ƙarshen wata mai zuwa, sai su koma. Su koma su bar tsoho shi kaɗai a gidan da ya yi masa girma.

Za ka zaci Yaya zai yi murna. Ina! Ranar da Lua ta buɗe takardun irin a kan tabarma, ya leƙo da lofensa na gora a hannu, ya taɓe baki.

“Wannan ne abin da kuka zuba wa kuɗi? Wannan ai sharar tsintsiya ce.”

“Haka kamanninsa suke, Baba,” in ji Lua. Ta zuba kaɗan a tafin hannu, siri-siri, baƙi da ɗan fari a kai. Ɗaya takardar kuma irin cikinta ƙanana ne ƙwarai, sai ka matso da ido.

“To in ya nuna da me ake cinsa? Da man kifi ko da gishiri?”

“Kai dai Yaya,” na ce, “ba a tambaye ka ba. Je ka sha hayaƙinka.”

“Ke kuma wa ya kira ki? Miyarki ta ƙare ne?”

Haka yake. Amma ni na san shi tun yana goya ni zuwa gona. Washegari da na shigo karɓar rariyata, na tarar ya hau kujera yana toshe ramukan gefen tagar da tsumma, yana bin kowane da yatsa ko iska na shiga. Da ya gan ni sai ya ce wai ɓeraye yake tsarewa. Ɓeraye a jikin gilashi! Tsoro yake ji yaran su tafi, tsoro sosai, bakinsa ne kawai ba a yi shi don faɗin irin wannan ba. Ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, kamar kullum.

Ana gobe za a shuka aka kira Lua a waya, mahaifiyarta ta zame a bayan gida ta karye a hannu. Vuong ya ɗauko babur. Tana ɗaura hular kwano tana cewa, “Baba, a bar komai yadda yake, ina dawowa zan shuka. Ba wani abu don an yi jinkiri kaɗan.”

“Je ki, 'yata, ki gaishe ta. Wa zai taɓa miki shararki?”

Sun tafi ke nan ya tsaya gaban kalandar bango, irin wadda take nuna ranar sa'a da ranar da ba a fara komai. Ranar da Lua ta zaɓa mai kyau ce don shuka, waɗanda ke bin ta kuwa duk ba su da kyau. A wurin Yaya, a bar ranar sa'a ta wuce iri yana kwance a takarda, wannan ba abin da mai hankali zai zuba wa ido ba ne. Kuma in ana maganar iri, wa ya fi shi? Iyayenmu daga kwarin shinkafa suka hauro nan, shi kuma duk garin an san babu wanda irinsa yake tsirowa bai ɗaya kamar nasa. Mutane har zuwa suke yi ya sa musu hannu a ruwa ya gaya musu ko zafin ya yi daidai.

Don haka ya yi wa irin Lua gata mafi girma da ya sani, gatan da ake yi wa irin shinkafa. Ya auna kwano uku na tafasasshen ruwa, biyu na ruwan sanyi, ya haɗa a roba, ya juye takardun duka a ciki, ya motsa da hannu. Kowane manomin shinkafa ya san abin da ke biyo baya. Mai ƙwaya yakan nutse, wanda ya taso sama fanko ne, sai a kwashe a zubar.

Da na rufe rumfata da rana na leƙa, na same shi a tsakar gida fuska a murtuke, agwagi sun yi cincirindo a bakin kwata suna wawaso.

“Mui, zo ki ga zalunci. Sun cuci yarinyar nan. Kusan duka ƙaiƙayi ne. Ina zubawa ya taso, ko ɗaya cikin goma bai nutse ba.”

“Kai Yaya! Ba ta ce a bari ba?”

“In bari ta cika ɗaki da ƙaiƙayi, ta zauna tana jira? Gara da na duba. Ɗan abin da ya rage mai kyau ne, shi zan lallaɓa mata.”

Ni taliya na sani, ban san fure ba, kuma maganarsa ta yi kama da ta hankali. Har na taya shi zagin mai sayar da irin. Ɗan da ya kwanta a ƙasan robar ya tace da tsumma, ya ƙulle, ya tura cikin kwandon ciyawa a gefen murhu ya sha ɗumi. Washegari ya bi ramukan tiren yana sawa da bakin wuƙa, ya rufe da ƙasa mai kauri, ya barbaɗa toka a kai, ya danna da tafin hannu. Aiki tsaf, babu rami ɗaya da ya fi wani tudu.

Ina gidan lokacin da suka dawo. Lua ta shigo da sanyi a jikinta, ko hula ba ta cire ba ta nufi ɗakin gabas. Yaya ya bi ta yana goge hannu a wando, yana ba ta labari tiryan-tiryan, da ruwan zafin, da abin da ya taso, da agwagin. Yana yi yana kallon fuskarta kamar yaron da ya share gida ba a sa shi ba.

Ta sa yatsa ta taɓa tokar. Ta goge yatsan a jikin rigarta.

“Sannu da aiki, Baba,” ta ce. “Ka sha wahala.”

“Wahalar me? Ke dai kada ki ƙara sayen iri a hannun mutanen nan.”

“To, Baba.”

Daga ranar Yaya ya koma mai gadin tire. Da hantsi ya matsar da su bakin taga, rana na karkata ya kwashe su ya kai kusa da murhu. Ya hana kowa buɗe ƙofar ɗakin da faɗi. Kare ma ya sha duka saboda ya shinshina. Kowace safiya zai durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kawo ido daf da ƙasa, ya tashi ya ce, “Sanyi ne ya riƙe shi. Gobe za ku gani.” Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. Abin da ya fito a duk ɗakin shi ne wata ciyawa guda biyu, ita ma daga cikin taki.

Vuong kuwa ya fara canjawa. Yaro ne mai kirki, amma ya gado bakin ubansa ba tare da ya gado aikin hannunsa ba. Ta katanga nake jin su.

“Na ce miki mu fara da kaɗan, kika ce kin sani. Shekara nawa kina Da Lat, ba ki iya bambanta iri da shara ba? Ba don Baba ya duba ba, da har yanzu muna nan muna jiran iska.”

Ba na jin amsarta, sai ƙarar kwanuka.

Wata rana ta zo taya ni yankan albasa a rumfa, babu ciniki, hazo ya hana motoci tsayawa. Na dube ta, duk ta rame.

“Lua, tsakaninki da ni, abin nan zai fito?”

Ta ci gaba da yanka. “Ba zai fito ba, Gwaggo.”

“Da gaske cutarki aka yi?”

“Babu wanda ya cuce ni. Irin nan ba shi da nauyi, dukansa tasowa yake yi a ruwa, mai kyau da marar kyau. Ba a ma jiƙa shi. Ƙananan kuma a saman ƙasa ake ɗora su, haske suke so, ba a binnewa. Ga ruwan zafi kuma.” Ta goge ido da bayan hannu, ta ce albasar nan da yaji take.

Na ajiye wuƙa. Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. “Wato agwagi ne suka cinye mai kyan? Kuma kin bar Vuong yana yi miki faɗa safe da yamma? Bari in je in same su, daga uban har ɗan!”

Ta riƙe mini hannu. “Gwaggo, don girman kakanni, kada ki faɗa. Kin ga yadda yake durƙusawa kuwa? Tun da Mama ta rasu ban ga ya tashi da wuri don wani abu ba sai yanzu. In ya san shi ne ya kore mu da hannunsa, ina zai sa kansa? Faɗan Vuong ba ya kashe mutum. In mun koma aiki zai manta.”

“To ku sake sayen wani mana.”

“Da me? Kuma kafin ya iso, ya tsiro, ya yi fure, baƙi sun gama zuwa. Bana ta wuce.”

Na yi mata alkawari, amma ban taɓa riƙe abin da ya ƙona mini baki kamar wannan ba. Duk wanda ya san ni ya san magana ba ta kwana a cikina. Sai na koma huce haushina a kan masu ciniki, har wani direba ya tambaye ni ko barkonon ne ya hau mini kai.

Ashe shi ma tsohon bai zauna haka kawai ba. Taurin kai ne da shi, amma manomi ne na gaske, kuma manomi in iri ya ƙi fitowa ba ya tsayawa ga zagi, sai ya gwada. Ya je ya tono takardun irin daga inda ya cusa su a jikin rufin kicin, ya farke su, ya karkaɗe 'yan ƙwayoyin da suka maƙale a lungun takarda. Ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ya jera su a kai, babu ruwan zafi, babu toka, ya ɓoye a bayan tulun giyar shinkafa. Ban san da wannan ba sai daga baya.

Ranar cikar wata Lua ta dafa kaza aka kai gaban teburin da muke ƙona wa kakanni turare, aka sauko da ita, aka kira ni cin abinci. Muna zaune a tabarma Vuong ya ce ya kira kamfani, za su koma ƙarshen mako. Ya faɗa yana kallon kwanonsa. Sai kuma ya ɗago, don ba ya iya barin abu ya wuce.

“Wata biyu a banza. Kuɗinmu a cikin agwagi. Gobe in wani ya ce miki ga irin da yake fitar da zinariya, sai ki saya.”

Na buɗe baki, Lua ta taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tiren abinci. Yaya ya ajiye tsinken cin abincinsa a hankali, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya shiga kicin. Ya dawo riƙe da faranti da hannu biyu, ya ajiye shi a tsakiyar abinci, tsakanin kaza da kwanon man kifi. A kan tsumman akwai 'yan tsirrai, fararen saiwoyi sun kama zare, kowane da ganye biyu ƙanana. Babu ƙwaya ɗaya da ta ƙi.

“Mene ne wannan, Baba?” in ji Vuong.

“Ragowar irin matarka ne. Wanda ban taɓa ba.” Bai zauna ba. “Lafiyarsa ƙalau. Duk wanda na zuba wa agwagi haka yake. Ni na kashe shi. Ta ce a bari, ban bari ba.”

“Baba, ai sanyi ne...” Lua ta fara.

“Yi shiru, 'yata. Kin yi shirun da ya isa.” Ya juya ga ɗansa. “Kai kuma, tun ranar da ta dawo ta sani. Ta bar ka kana wanke ta tas don kada ubanka ya ji kunya. In faɗa kake so, ga ni nan. Yi mini.”

Vuong ya kalli farantin, ya kalli matarsa, fuskarsa ta yi ja. Can sai ya ɗauki cinyar kaza ya sa mata a kwano. A gidanmu wannan ita ce ban haƙuri, ba mu iya wata ba. Ni kuwa na fashe da kuka, na ce musu dukansu sakarkaru ne, har da ni.

Na so a ce wannan ya gyara komai, amma bai gyara ba. Lokaci ya wuce, aljihu ya bushe, kamfani kuma ba ya jiran kowa. Vuong ya ce ko baɗi, in sun tara wani abu. Yaya ya ce haka ne, haka ne. Dukanmu mun san yadda baɗin 'yan kamfani take.

Ana gobe za su tafi, Lua ta wanke tsofaffin kofunan shayi na roba, ta huda gindinsu da ƙusa, ta kira Yaya ɗakin gabas. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta nuna masa yadda ake ɗaga tsiro daga farantin da bakin tsinke, a riƙe shi ta ganye, ba ta kara ba.

“A hankali, Baba. Ba dashen shinkafa ba ne, kada ka danna.”

“Haka?”

“Ka danna.”

“Ban danna ba!”

“Ka danna, Yaya, ina gani,” na ce.

“Ke fita mana daga haske!”

Manyan yatsunsa masu kaushi suka yi ta fama, har ya samu na ƙarshe ya tsaya daidai. Ta ce ruwa kaɗan, da cokali, sai ƙasa ta bushe a sama. Ya maimaita a bayanta kamar ɗan makaranta.

Da safe muka raka su bakin hanya. Na cusa wa Lua ƙullin busasshen nama da tulun zuma. Motar haya ta fito daga cikin hazo da fitilu a kunne. Vuong ya riƙe hannun ubansa ya ce ya riƙa shan maganinsa. Lua ta sunkuyar da kai ta ce, “Mun tafi, Baba.” Ya ce, “Ku sauka lafiya. Ku ci abinci sosai.” Shi ke nan abin da ya faɗa. Motar ba ta yi nisa ba hazo ya haɗiye ta, muka tsaya muna jin ƙararta tana gangarawa.

Muka hauro gida, yana gaba ina biye. Da muka iso ƙofarsa na ce zan wuce in hura wuta, masu shan miya sun kusa fitowa. Sai na ga ya tsaya, hannunsa a kan ƙyauren, bai tura ba.

“Mui.”

“Na'am, Yaya.”

“Shiga gaba,” ya ce, bai dube ni ba. “Ki yi ta surutun nan naki in kin shiga. Da ƙarfi.”

Na tura ƙyauren na shiga, na fara yi masa faɗa a kan takalman da ya bari a tsakar hanya.